Masu galahanga da neman na kai a Zangon Kumasi: abin da muka gani a gidajenmu

Mai buɗe zance, Asawase:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Duk shekara idan 2 ga Afrilu ta zo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kai game da galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), ana yawan magana a kan ƙananan yara, amma ba a cika tambayar yadda waɗanda suka girma suke ci da kansu ba. Ina roƙon wanda ya ga al'amarin a gidansa ya faɗa mana rawar da gidan haihuwa da sauyin zamani suka taka wajen samu ko rashi.

Wani dattijo ɗan kasuwar goro, Aboabo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙanena ya taso a lokacin da ba mu san sunan wannan lalura ba, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa miskilanci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai saurari kowa ba, ya zaunar da shi a rumfa yana zaɓen goro. Idan an kwance huhu, yakan ɗauki goro ɗaya bayan ɗaya ya juya shi a hannu, ya ware fari da ja, ya fitar da mai sankara tun kafin idon wani ya gan ta, sannan ya yayyafa ruwa ya shimfiɗa ganye ya ɗaure. Fataken da ke lodi zuwa Arewa har tambaya suke ko shi ya zaɓa. Sai dai duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe kuɗin aikinsa ba, ci da sutura kawai ake ba shi. Da aka raba gado, wani baffanmu ya riƙe masa kasonsa, aka juya shi a cikin jarin gida, da ciniki ya ja baya kuma ya narke tare da sauran. Yau yana wurina, ya iya sana'a fiye da mu duka, amma ba shi da ko tebur da zai kira nasa.

Wata uwa, malamar makaranta, Sawaba:
Baba, labarinka ya sosa mini zuciya. Ni abin da na gani shi ne hali da ilimin iyaye ke fara raba yara. Saboda muna da albashi, mun kai 'yarmu asibiti da wuri, mun kuma je Accra neman shawara a AACT, cibiyar kula da masu galahanga da Serwah Quaynor ta kafa a 1998. Maƙwabciyata mai sayar da koko ba ta da kuɗin wannan zirga-zirga. Akwai dokar naƙasassu ta 2006 da tsarin ilimin bai-ɗaya na 2015 da ya ce a karɓi irin waɗannan yara a makarantun kowa, amma malami ɗaya a aji cike maƙil ba zai iya bin kowane yaro ba. Ga 'ya mace kuma dangi ba sa zancen sana'a sam, aure kawai suke hange. Mun dage 'yarmu ta koyi ɗinki, yanzu tana ɗinka hijabi a gida, tana karɓar aiki ta WhatsApp.

Wani matashi mai gyaran waya, Aboabo:
Iyayena, ni kaina ina da galahanga, don haka bari in faɗi nawa. An fara kai ni koyon kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, domin can 'yan gidanmu suke. Ƙarar guduma da injin yankan ƙarfe tana sa kaina ya ɗaure har in kasa fahimtar abin da maigida ke faɗa, aka ɗauka taurin kai ne. Yayata ce ta lura ina iya kwana a kan tsohuwar waya ina kwancewa ina mayarwa, ta saya mini kayan aiki da kuɗin adashinta. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tayi da ragi, domin ba na gane lokacin da mutum ke wasa da lokacin da yake da gaske. Saboda haka na rubuta farashin kowane gyara na manna a bango, kuma ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ake biyana, in ga kuɗin a rubuce. A zamanin ƙanen Baba wannan ba zai yiwu ba. Amma shi yana da ɗaki a babban gida ba haya, ni kuwa an sayar da gidan kakanmu kowa ya kama gabansa, kuma mai gida yana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule.

Wani malamin islamiyya, Asawase:
Game da gadon da Alhaji ya ambata, aya ta 5 da ta 6 a Suratun Nisa'i sun yi umarni a kula da dukiyar wanda bai iya riƙo ba, a ciyar da shi daga cikinta, a kuma jarraba marayu, idan an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu da shaidu. A gidajenmu ana riƙewa, amma ba a jarrabawa. Rashin yawan magana ba hujja ba ce ta rashin hankali. A ba shi kaɗan ya juya, a rubuta abin da ake riƙe masa.

Malamar makaranta, Sawaba:
Ɗana mai gyaran waya, ka je ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gundumarku da takardar likita ka yi rajista, domin akwai kason da ake ware wa naƙasassu daga asusun majalisun gundumomi, kuma ana ba da kayan sana'a daga ciki. Ka tafi da yayarka, saboda tambayoyin suna da yawa.