Zauren Ƴan Damagaram: rigimar jirgin Dirku

Ɗan Zango: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Yayana malamin makaranta ne a Dirku, tsohuwarmu tana kwance tana ta kiran sunansa. Na tambayi wani mai sayar da tikiti jirgin da zai kawo shi, ya ce babu, wai filin can a hannun soja yake. Ni kuwa na ce jirgin soja da kuɗin talaka aka saye shi, haƙƙinmu ne a ɗauki farar hula in akwai gurbi. In ba haka ba sai ya bi ayarin motoci ya keta Tenere zuwa Agadas, ya ƙara kusan kilomita 450 ta Tanut. Filin jirginmu ya koma na ƙauye, ba mai damuwa.

Hajiya ta Birni: Allah ya ba Inna lafiya. Amma ɗana, janye kalmar ƙauyen nan. Garin Sarki Tanimun, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin Turawa su koma Yamai, shi ne ƙauye?

Ɗan Zango: Hajiya, filin na ce, ban ce garin ba.

Hajiya ta Birni: Wanda ya zagi zaure ai gidan ya zaga.

Baƙo daga Maraɗi: Ku bar yaron nan, gaskiya ya faɗa. Tarihi ba ya tayar da jirgi. Filin da za a wuni ba a ji ƙarar inji ba, me sunansa?

Direban Tanut: Kai kuma wa ya kira ka? Naku na Maraɗi jirage nawa ke sauka a rana? Ka manta bikin 18 ga Disamba 2018, lokacin Zinder Sabuwa, yadda baƙi suka yi ta sauka a nan?

Baƙo daga Maraɗi: Biki na shekara guda ne, Malam. Ni zancen yau nake yi.

Baba Mai Ritaya: Ku saurara kaɗan, na yi aiki a harkar jiragen sama. Ƙanƙantar fili ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne tsawon titin sauka, fitilun dare, motar kashe gobara, da samun man jirgi. Tashi daga Zinder ba shi ne wahala ba, sauka a Dirku ce. Matuƙi yana miƙa takardar tsarin tafiya, masu kula da zirga-zirgar sama su san hanyarsa, wanda a ƙasashenmu aikin hukumar ASECNA ne. Amma wannan takarda ba ta buɗe masa ƙofar sansanin soja. Sai ya nemi izinin hukumar soja tun kafin ya tashi, ya faɗi lambar jirgi, sunayen mutanen ciki, abin da ya ɗauko da lokacin isa. Suna iya cewa a'a ba tare da bayani ba. A Yamai sansanin sojan sama na 101 yana jikin filin Diori Hamani, titin sauka ɗaya suke amfani da shi, amma fasinja ba ya taka ɓangaren soja. A Agadas kuwa filin Mano Dayak daban, sansani na 201 daban da nasa titin.

Ɗan Zango: Na gode Baba. To batun ɗaukar farar hula a jirgin soja fa?

Tsohon Soja: Ni zan amsa. Ƙanena, wa ya gaya maka haƙƙi ne? C-130, wato jirgin jigilar soja, ba motar tasha ba ce. Dakaru take kaiwa, da abinci, da makamai, ta kwaso waɗanda suka ji rauni. In komanda ya ɗauki farar hula, alfarma ce. Yaran da ke kwana cikin rairayi suna tsare iyakar Libiya kake yi wa gorin kuɗin talaka? Su ba ƴaƴan talakawa ba ne?

Ɗalibar Jami'a: Baba Soja, ba wanda ya zagi soja. Amma tunda an ambaci 201, Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi, jiragenta marasa matuƙi suka yi ta tashi daga 2019. Majinyaci nawa suka ɗauka?

Tsohon Soja: Ai shi ya sa aka sallame su, ƴata. Faransa ta fita a Disamba 2023, Amurka ta bar Agadas a Agusta 2024. Yanzu namu ne.

Baƙo daga Maraɗi: Namu ne, amma yayan bawan Allah yana Dirku.

Direban Tanut: Kai dai ba ka son alherin Damagaram, tun ɗazu nake lura da kai. Hanyar Tanut da nake bi kullum ta fi kowane jirgi buƙatar magana, ba wanda ya ce uffan.

Hajiya ta Birni: Har yanzu ban ji an janye ƙauye ba.

Ɗan Zango: Hajiya, uwata ce a kwance.

Hajiya ta Birni: Addu'a nake yi mata, ɗana. Amma ka janye.

Mai kula da zaure: To jama'a, ya isa haka. Abin da aka tsayar: Damagaram ba ƙauye ba ce, filinta ma haka, Hajiya ta kawo hujjar tarihi kuma ba wanda ya iya karya ta. Baba Soja ya nuna sojojinmu ba su da laifi. Baƙonmu na Maraɗi ya zo da tsokana, muna roƙonsa ya gyara harshe ko ya bar zauren. Ɗan Zango, ka goge layin ƙarshe na saƙonka kafin Isha'i. Wanda ke da lambar wani direban ayarin Agadas ya tura wa Ɗan Zango ta gefe. Na rufe maganar.