Taliyar murji tana caɓe min, miyar naman kuma tsami, a taimaka

Salam 'yan uwa mata, don Allah masu iya girki ku agaza min. Ranar Asabar dangin maigida za su zo mana cin abincin dare nan Tudun Wada, har da Hajiya surukata, kuma shi ya dage sai taliyar murji ta gida da miyar niƙaƙƙen nama, wai ta leda ba ta da ɗanɗano.

Ga matsalar. Fulawa kofi 4 nake kwaɓawa da ƙwai 2 da gishiri da ɗan ruwa, in murza a inji in shanya a igiya, tana fitowa da kyau wallahi amma da ta shiga tafasasshen ruwa ko minti 5 ba ta yi sai ta kakkarye ta haɗe ta zama kamar tuwo, na zuba mai a ruwan ma duk ɗaya. Kwaɓin ne ya yi ruwa ko shanyar ce ba ta isa ba, tunda yanzu damina ce iska duk danshi? Maƙwabciyata ta ce in sa kanwa a kwaɓin, ni dai ban yarda ba, tsoro nake ta canza mata kala.

Sai miyar. Naman rabin kilo na sa aka niƙa min a kasuwar Sabon Gari, ina soya shi da albasa sai ya saki ruwa ya dunƙule, ga tumatirin gwangwanin nan tsaminsa ya ƙi fita ko na haɗa da tattasai da attaruhu. Naman ake fara soyawa ko kayan miyan? Kuma mutum 12 fulawa mudu nawa za ta ishe su?