Kiɗa na ta duƙawa ko MC bai yi magana ba, ina mafita?

Assalamu alaikum, manya a harkar sauti. Ina haɗa kayan sauti a bukukuwa nan Gombe, kwanan nan na koma miksa (na'urar haɗa sautuka) ta dijital, kuma saitin duƙar da kiɗa ya hana ni sakat.

Yadda na gane shi: layin kiɗa yana sauraron makirufon MC, da muryarsa ta haura ma'aunin da na sa sai kiɗan ya sauka da kansa, in ya yi shiru ya dawo. Na sa ma'aunin a -40 desibel (awon ƙarfin sauti), saukar kiɗa desibel 12, riƙewa (lokacin da kiɗa ke zama a ƙasa bayan MC ya yi shiru) milisakan 100, sakewa (lokacin da yake ɗauka ya dawo sama) milisakan 300. A shago lafiya lau.

Ranar Asabar a wata dina a Tunfure sai abu ya watse. MC ya tsaya gaban lasifika, kiɗan ya riƙa komawa cikin makirufonsa yana duƙar da kansa, ya taso, ya sake faɗuwa kamar mai shaƙuwa. Mata suka rangaɗa guɗa, kiɗa ya nutse, amarya tana tsakiyar fili! Na ɗaga ma'aunin zuwa -25, sai gwaggon ango ta karɓi makirufo da 'yar muryarta, muryar ba ta kai ma'aunin ba, kiɗa ya danne ta gaba ɗaya.

Riƙewar kam na san ta yi gajarta, zan kai ta 800. Abin da ya ɗaure min kai shi ne matatar siginar da ke tayar da duƙawar, wato abin da ke zaɓar irin sautin makirufon da layin kiɗa zai saurara. In na saita ta wajen kilohaz (awon kaifin sauti) 1 zuwa 2, inda murya ke fitowa sosai, za ta hana bugun ganga tayar da duƙawar? Guɗar fa? Don Allah a taimaka, ina da wani bikin ranar Juma'a a Kumo.