Shin za a iya dogara da kullen yarjejeniya a kan sashen fayil?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne kullen yarjejeniya, wato kullen da ke aiki kawai tsakanin shirye-shiryen kwamfuta da suka yarda su riƙa nemansa, wanda kiran fcntl na Linux ke ɗorawa a kan sashen fayil, bai isa a dogara da shi ba. Idan shiri ɗaya ya kulle baiti 100 na farko da F_SETLK, umarnin fcntl na ɗora kulle, wani shiri ya zo ya yi rubutu a wurin ba tare da ya nemi kulle ba, kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta, ba zai hana shi ba, ko gargaɗi ba zai yi masa ba. Windows ta fi dacewa a nan, domin sashen da aka kulle da LockFileEx, kiranta na kulle fayil, duk wani shiri da ya nemi yin rubutu a ciki sai a ƙi masa.

Malama Zainab: Wa alaikumus salam, Malam. Linux ma ta taɓa samun kullen dole, wato irin wanda tsarin da kansa ke tilasta wa kowa, amma sai an ɗora faifai da zaɓin mand, a kunna alamar izini ta setgid a kan fayil, sannan a cire wa rukuni izinin gudanar da shi. Duk da wannan wahala, rubutun da ya riga ya fara yana iya kammaluwa bayan wani ya karɓi kulle, kuma duk mai izinin karatu yana iya riƙe kullen karatu ya tsayar da masu rubutu baki ɗaya. A ƙarshe an cire kullen dolen a Linux 5.15 a 2021. A Windows ɗin ma kullen ba ya hana wanda ya shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana taɓa shi kai tsaye daga can, taɓa sashen. Hana wanda ba a yarda da shi ba aikin izinin fayil ne. Kulle kuwa na jera masu haɗin kai ne, kowa ya jira lokacinsa.

Injiniya Bashir: Ina bayan Malama, sai dai ina ganin ba inda Malam ya nuna ciwon yake ba. Ciwon kullen POSIX, wato wannan na F_SETLK, shi ne mallakarsa tana hannun shiri gaba ɗaya, ba a hannun buɗewar da aka kulle da ita ba, alhali shiri ɗaya yana iya buɗe fayil ɗaya sau da yawa. Da zarar shirin ya rufe kowace buɗewa ta wannan fayil, ko da wani laburare ne, wato lambobin wasu da shirin ke amfani da su, ya buɗe shi ya leƙa ya rufe, duk kullen da yake riƙe da su a kansa sun zube, ba tare da wata sanarwa ba. Wannan ne ya sa SQLite, manhajar ajiye bayanai a cikin fayil, take jinkirta rufe buɗewa matuƙar akwai sauran kulle a kan fayil ɗin. Haka kuma zare biyu, wato ayyuka biyu masu gudana tare a cikin shiri ɗaya, ba sa iya tare juna da shi, kuma sabon shirin da aka haifa da kiran fork ba ya gadonsa.

Malam Habibu: To ai hujjata ka ƙarfafa, Injiniya. Kullen da ke zubewa a ɓoye ya fi rashin kulle haɗari, tunda mai shi yana ci gaba da rubutu da zaton yana cikin kariya.

Malama Zainab: Wannan laifin mallaka ne, Malam, ba laifin yarjejeniya ba, kuma an gyara shi. Tun Linux 3.15 a 2014 akwai F_OFD_SETLK, wanda ke ɗaure kulle da buɗewar kanta kamar yadda flock, kiran kulle da ya fito daga tsarin BSD, yake yi, amma yana iya kama sashe, alhali flock fayil ɗungurungum yake kullewa. Dubi kuma SQLite da aka ambata: ta ware baiti 512 daga matsayi na 1073741824 don kulle kawai, ba ta ajiye bayani a ciki, saboda a tsohuwar Windows kullen dole zai hana karanta abin da ke wurin. Ma'ana, ko a inda dole take, yarjejeniya ta gina a kai.

Aminu: Malamaina, ina neman ƙarin haske. Na karanta cewa idan shirye-shirye biyu suka yi cirko-cirko da F_SETLKW, wato F_SETLK mai jira har a saki kulle, kowanne yana jiran sashen da ɗayan ya riƙe, kanel yakan mayar wa ɗaya da EDEADLK, saƙon kuskure mai nuna cirko-cirko, amma sabon kullen na F_OFD_SETLK ba ya yin wannan bincike. Ashe ba a yi asara ba?

Injiniya Bashir: Gaskiya ne, ƙanena, an rasa wannan. Sai dai binciken tsohon ma yana da iyaka, yakan kasa gano zoben jira mai tsawo, kuma yakan yi ƙarar cirko-cirkon da babu shi idan shirin yana da zare da yawa. Abin da nake yi shi ne tilasta wa kowane shiri ya karɓi sassa bi da bi, daga ƙaramin matsayi zuwa babba.

Malam Habibu: Na karɓi batun mallaka, kuma zan gwada F_OFD_SETLK. Amma shirin kwafin ajiya da bai san yarjejeniyarku ba zai kwashi fayil ana tsakiyar rubutu, ya adana rabi sabo rabi tsoho, kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini wannan a cikinku.