mke2fs a FreeBSD na cewa girman faifaina sifili ne: in rubuta girman da hannu?

Bakatsine_Unix: Salamu alaikum 'yan uwa. Faifai ne mai 4TB a kes na USB, ina so in yi masa ext4 (tsarin fayil na Linux) a FreeBSD don a riƙa karanta shi a Linux. Ni na haɗa e2fsprogs (kunshin kayan aikin ext4) da kaina, ban ɗauko ta pkg, mai girka manhajojin FreeBSD, ba. Da na buga mke2fs, umarnin yin fomatin, a fatishan /dev/da0p1 sai ya ce "Device size reported to be zero". In ba shi girman da hannu, ko in kai shi Linux a yi fomatin can?

Malam_Kernel: Wa alaikumus salam. Faifanka lafiya lau. A Linux manhajar kan tambayi girma ta ioctl (tambayar da ake aika wa kernel game da na'ura) mai suna BLKGETSIZE64, a FreeBSD kuwa DIOCGMEDIASIZE ne, yana cikin sys/disk.h. In configure bai gano shi ba, sai ta koma lalube: ta yi lseek, ta karanta bayit 1, ta gani ko ta wuce ƙarshe. FreeBSD ba shi da block device, karatu sai cikakkiyar sekta, don haka bayit 1 ɗin nan kan faɗi tun daga farko. Sifilin ke nan. Cire naka, ka yi `pkg install e2fsprogs`.

Ɗan_Zinder: Ka kai shi Windows kawai, NTFS, an gama.

Bakatsine_Unix: Yallabai, ext4 na ce.

Gwanin_Sabar: Da hannu ma yana yiwuwa. `diskinfo -v /dev/da0p1`, ɗauki mediasize in bytes, raba da 4096, ka yar da ragowar, sannan `mke2fs -t ext4 -b 4096 /dev/da0p1` da lambar a ƙarshe. Na fatishan za ka ɗauka, ba na da0, wato faifan gaba ɗaya, ba. In ka manta -b, lambar kilobayit ake ɗaukarta, ka tashi da kwata na faifan.

Hajiya_Data: Ku bar zancen ioctl, ku dubi kes ɗin. An kawo mana faifan 3TB na wani ofis da aka yi wa fomatin cikin kes mai nuna sekta 4096. Kes ya mutu, aka sa faifan kai tsaye a SATA, ya koma 512. GPT, wato teburin fatishan, a sekta mai lamba 1 (LBA 1) ake nemansa: da a bayit 4096 yake, yanzu ana dubawa a 512, ba komai. Mai gyara ya ga kamar faifai fanko ne, ya sake raba shi. Takardun shekaru sun tafi. Da `losetup -b 4096 -P` ya yi a Linux, don a karanta faifan da sekta 4096, da ya ga komai.

Malam_Kernel: Gaskiya ne. A macOS ma haka: DKIOCGETBLOCKCOUNT adadin sekta yake bayarwa, duk lambar da ta ninka da 512 ba ta tambayi DKIOCGETBLOCKSIZE ba, 4TB zai fito 500GB.

Gwanin_Sabar: Hajiya, wannan ba matsalarsa ba ce.

Hajiya_Data: Za ta zama tasa ranar da kes ya ƙone. Kai rabon lamba ka koya masa, ni asara nake tare masa.

Ɗan_Zinder: Kes mai kyau dubu takwas ne.

Abba_Wayoyi: Wace shekara? Ƙasa da dubu goma sha biyar ba ka samun na kirki. Masu arhar nan wasunsu ba sa wuce 2TiB, 3TB ya fito 746GB.

Ɗan_Zinder: Sifili dai ya fi gaskiya a kan filashin da ke cewa 2TB alhali 8GB ne a ciki 😂

Abba_Wayoyi: Wannan kam ba ioctl ɗin da zai kama shi, kwantirolar ce ke ƙarya tun daga tushe. `f3probe` a Linux ko H2testw a Windows, a gaban mai shago, kafin ka biya.

Bakatsine_Unix: diskinfo ya nuna sectorsize 4096. To yanzu in ci gaba a kes ɗin ko in ciro shi?

Abba_Wayoyi: Kuma masu shagon ba sa yarda ka gwada filashin, wai za ka lalata musu kaya.