Neman shawara: shirye-shiryen yara da na sauke a iPlayer suna ɓacewa, ga tafiya Kano ta matso

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Shekararmu biyu a Bamingham ta Ingila, maigida aikin dare yake yi, ni ce da yara wuni guda. 'Yan biyuna shekararsu huɗu, kuma ba sa yarda su ci abinci sai an kunna musu CBeebies, tashar yara ta BBC. Na san za a ce ni na saba musu, to na ji, amma wanda bai zauna da yara biyu a ɗaki ɗaya cikin hunturun ƙasar nan ba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ba zai gane ba. Yanzu bikin ƙanwata ya taso, za mu je Kano mu yi sati shida, ni da su kaɗai, shi bai samu hutu ba. Tun da aka sa rana nake sauke musu shirye-shirye kaɗan-kaɗan daga iPlayer, manhajar kallo ta BBC, a kwamfutar hannu (tablet) da yayana ya saya musu a Farm Centre. Jiya na duba, na farkon da na sauke babu su, wasu kuma an rubuta saura kwana kaɗan. Na ɗauko tsohuwar laftof ɗin maigida tunda ta fi wuri, manhajar saukewa da ke ciki ta ƙi aiki. Ni dai so nake in tara da yawa in zuba a filas, in na je in jona a talabijin ɗin Hajiyarmu, har 'ya'yan yayyena su samu. Ta ina zan fara?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Maman 'Yan Biyu, ki fara cire maganar filas daga ranki, don ba za ta yiwu ba. Abin da iPlayer ke saukewa ba bidiyo ba ne irin wanda ake turawa ta Xender. Fayil ne a kulle, mabuɗinsa yana cikin manhajar da ke kan na'urar da ta sauke shi. Ko kin tono shi kin kwafa, a wata na'urar ba zai buɗe ba. Kuma mabuɗin nan aro ne mai wa'adi, shi ya sa na farkon suka tafi. Ki yi lissafinki da kwana 30 daga ranar saukewa, sai dai idan za a cire shirin daga iPlayer kafin nan, to ranar cirewar ce wa'adinsa. Kwanakin da suka rage suna rubuce a jikin kowane shiri a shafin abubuwan da kika sauke, su ne alƙali.

Laftof kuwa lafiyarta ƙalau. BBC ce ta rufe manhajar saukewa ta kwamfuta a 2024, ta Windows da ta Mac duka. Yanzu sai waya ko kwamfutar hannu: Android, iPhone, iPad, ko Fire ta Amazon.

Kuskurenki shi ne fara saukewa da wuri. Ga yadda za ki yi. Ki goge duk na yanzu, ki bari sai saura kwana ɗaya ko biyu ku tashi. A saitin manhajar ki bar ingancin saukewa a na daidai, kar ki ɗaga shi, a ƙaramin allo yaro ba zai ga bambanci ba kuma wuri zai ishe ki. Ki sauke shiri ɗaya, ki duba wurin da ya rage kafin da bayan, daga nan kin san nawa na'urar za ta ɗauka. Ki jona caji, ki bar manhajar a buɗe kan Wi-Fi na gida, don wasu na'urorin Android suna kashe saukewa idan allo ya mutu, da sunan tattalin batir. In sun gama, ki kashe Wi-Fi da data gaba ɗaya ki kunna biyar ko shida daga wurare daban-daban. Wanda bai kammala sauka ba a nan zai tona kansa, ba a cikin jirgi ba. A Kano kar kowa ya cire manhajar, kar a share bayananta, kar a fita daga asusun. In aka yi, shi ke nan, daga can ba a sake saukewa.

Amma sati shida kwana 42 ne. Ko a daren tafiya kika sauke, kwana 12 na ƙarshe babu komai.

Ɗan Zazzau:
Injiniya ka manta ɗaya. Da zarar an danna shiri an fara kallo, saura kwana bakwai ya mutu. Don haka gwajin da ka ce ta yi zai ƙone mata su.

Injiniya:
Malam, wannan dokar zamanin farko ce, lokacin da iPlayer ta fito a ƙarshen 2007: kwana 30 a ajiye, bakwai bayan an fara kallo. An daɗe da barin ta. Ta yi gwajinta.

Hajiya Babba:
'Yata, kafin a kai ga filas, tambaya ɗaya ba ki taɓo ba. Gidan naku yana da lasisin talabijin? Tun 1 ga Satumba 2016 duk wanda zai kalla ko ya sauke abu a iPlayer sai da lasisi, ko a waya ne, ko babu akwatin talabijin a gidan sam. Kuɗin ya koma fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, tara kuma tana iya kaiwa fam 1,000 ban da kuɗin kotu. Na ga kin ce ɗaki ɗaya. Idan gidan haɗaka ne kuma ɗakinku yana da takardar hayarsa daban, lasisin mai gida ko na maƙwabcin ɗaki bai rufe ku ba, sai naku. Idan takardar haya ɗaya ce kuka sa hannu tare da sauran, lasisi ɗaya ya wadatar. Ki duba takardar.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya ai manhajar da kanta ta tambaye ni ko ina da lasisi, na danna eh, ta buɗe. Da akwai matsala ai da ba ta buɗe ba. Kuma akwai talabijin a falon ƙasa da kowa ke kallo, ba za a ce shekara biyu ba a biya ba. Ni yanzu ba wannan ne gabana ba. Injiniya, kaɗan-kaɗan ɗin da ka kira kuskure, Wi-Fi ɗin gidan ne mutum bakwai a kai, in na tara su dare ɗaya ba za su sauka ba.

Hajiya Babba:
Tambayar nan ba bincike ba ce, maganarki kawai ta ɗauka. Danna eh ba ya zama lasisi. Talabijin ɗin falo kuma, ko an biya masa, wurin haɗaka ya rufe, ba cikin ɗakinki ba idan hayarki daban ce.

Mai Tasi Na Landan:
Ni abin da ke ƙona min rai ke nan. Mutum ya biya kusan fam 175, ya taka ƙafa waje sati biyu a ce masa wannan na 'yan Birtaniya ne kawai. Netflix kana sauka Abuja tana buɗewa. Ga wasiƙun barazana da suke jefowa ta ƙofa da jan rubutu kamar ka yi kisan kai. Sannan in ka zaɓi biyan wata-wata, a farashin 2025 watanni shidan farko kusan fam 29 suka riƙa cira, sai daga baya ya sauko wajen 14 da rabi, wai kana biya gaba. Kuma wasan ƙwallo da wasu finafinan da suka sayo ko alamar saukewa ba ka gani. 'Yar uwa ki sa VPN, manhajar da ke sa a ga kamar kina wata ƙasa, ki huta, in kin je can ki zaɓi Landan ki ci gaba da saukewa.

Injiniya:
Kar ta dogara da wannan. Na farko ya saɓa wa sharuɗɗan amfani da iPlayer. Na biyu BBC tana gane adiresoshin intanet na kamfanonin VPN tana toshe su, yau ya yi gobe ya ƙi, kuma na kyauta su ne farkon faɗawa. Hasali ma wanda ke zaune a Ingila ya manta VPN a kunne, saƙon da zai gani shi ne wai ba ya cikin ƙasar. Kwatanta ta da Netflix kuma ba daidai ba ne. Netflix tana da kasuwa a Najeriya, ta sayi haƙƙin nunawa a can. BBC haƙƙin Birtaniya take riƙe da shi a iPlayer, da yawa daga cikin shirye-shiryen kamfanoni masu zaman kansu ne suka yi su, haƙƙin sauran ƙasashe an sayar wa wasu tashoshi. Abin da aka yarda da shi shi ne ka sauke a nan ka kalla a can ba tare da intanet ba. Iyakarta ke nan.

Mai Tasi Na Landan:
To BBC Hausa fa? Tun 1957 ake jin ta kyauta daga Sakkwato har Maraɗi, ba wanda ya taɓa neman lasisi. Kuɗinmu ne ke ciki, amma mu da muke biya mu ake kulle wa ƙofa.

Ɗan Zazzau:
Wannan Sashen Duniya na BBC ne, don waje aka kafa shi, kuma gwamnatin Birtaniya tana zuba nata kason. Ba layi ɗaya ba ne da iPlayer. Mu koma kan matsalarta. Maman 'Yan Biyu, maganar talabijin ɗin Hajiya: Chromecast, ɗan abin nan da ake jonawa a talabijin a tura masa shiri daga waya, ba zai yi ba, don shi ba ya ɗaukar abin da ke cikin na'urarki, da kansa yake jawo shirin daga intanet, kuma a Kano za a hana shi. Haska allon na'ura a talabijin ta iska ma, da irin wannan fayil mai kulle sau da yawa murya ce ke fita, hoto baƙi. Igiyar HDMI da ake jona na'ura da talabijin ce kawai abin gwadawa, ita ma yawancin ƙananan kwamfutocin hannu na Android ramin cajinsu ba ya fitar da hoto. Ki gwada a talabijin ɗin falonku kafin ki sayi komai da yawa.

Kwana 12 ɗin nan kuma akwai hanya mai sauƙi. Tashar CBeebies tana cikin DStv. Ki tambayi gida ko kunshin da suke biya ya ƙunshe ta. Jerin shirye-shiryen ba lallai ya zama iri ɗaya da na nan ba, amma yaro ɗan shekara huɗu zai ga fuskokin da ya sani. Ko ki shiga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ki tsinci faifan DVD na yara da araha. Ki lura dai, ana kulle faifan DVD ne yanki-yanki na duniya: faifan Birtaniya yanki na 2 ne, Najeriya yanki na 5, sai na'urar da ke cin kowane yanki.

Injiniya:
DVD a wannan zamanin, Malam? Kaya ne kawai za ta ƙara wa akwati. Ta raba kwanakin: sati huɗun farko iPlayer, sauran biyun lokacin yara sun saba da 'yan uwansu, ba za su nema ba. Abin da ya fi damuna na'urar ce. Maman 'Yan Biyu, wane iri ce, kuma wurinta nawa, GB 32 ko 64? Manhajar daga Play Store kika sauke ta ko wani ne ya tura miki? Tana fitowa ne kawai ga asusun da ƙasarsa Birtaniya ce. In turowa aka yi, ba za ta riƙa sabunta kanta ba, kuma ranar da ta nemi sabuntawa kina Kano kin shiga uku. Sannan na'urar da aka taɓa fasa kullen tsarinta a kasuwa, ko wadda ba ta da tantancewar Google, tana iya ba da matsala da shirye-shiryen saukewa.

Maman 'Yan Biyu:
Sunan ba na Turanci ba ne da na sani, kwalin yana Kano. Maigida ne ya sa musu manhajar da imel ɗinsa, kuma tana aiki tun bara, ban ga dalilin zarginta ba. Gidanmu na Kano ba DStv, Hajiya ta ce a cire tun rasuwar Baba. Kuma Injiniya ba ka san yaran nan ba ne da kake cewa za su manta. Wata a wurin awon yara ta ce min in wa'adi ya kusa in mayar da kwanan watan na'urar baya, zai ci gaba da yi.

Injiniya:
Kar ki taɓa agogon. An gina kullen ne da sanin mutane za su gwada haka, kuma agogon da bai dace ba yana iya hana har waɗanda wa'adinsu bai cika ba buɗewa. Ki ba mu ranar tashi da ranar dawowa, a ƙirga miki daren da za ki fara. In Wi-Fi ɗin ne matsala, ki fara ƙarfe ɗayan dare lokacin da mutanen gidan suka kwanta, dare biyu ya isa.

Hajiya Babba:
Ki dai duba takardar hayar nan, 'yata. In ya tabbata kuna da naku lasisin, tafiyarki ba ta ba ku damar neman a mayar da kuɗi ba tunda maigida yana nan yana amfani da shi. In babu kuma, saukewar daren tafiyar ita kanta sai da shi.

Maman 'Yan Biyu:
To na gode, zan tambaye shi in ya tashi daga barci. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar filas ɗin. Idan na sa wayata a gaban allon na ɗauki shirin da kyamara fa, wannan ai nawa ne ko?

Mai Tasi Na Landan:
Wa zai riƙe miki wayar awa ashirin?