Kakana ya dawo daga yaƙin Bama ba harbi a jikinshi amma ƙafafu sun mutu, wa ya san kan abin?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga masu sanin tarihi, da ma'aikatan lafiya in akwai su a nan. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai muka iske wata tsohuwar adaka ƙarƙashin gado, ciki akwai lambobin soja guda uku an naɗe su cikin tsumma, da wata takarda da gara ta ci rabinta, da wani ɗan ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo. Kayan kakanmu ne, mu Baba Soja muke ce mashi.

Ni dai na taso na iske shi zamne a zaure bisa buzu yana tufka igiyar rama, ban taɓa ganinshi tsaye ba sai da sanda biyu, kuma ko da sandunan jan ƙafa yake. Duk damina sai zazzaɓi ya kada shi, rana tsaka ana zufa shi yana kiran a ƙaro mashi bargo haƙora na kaɗawa. Farar shinkafa kuwa ko a biki aka kawo mashi sai ya ture kwanon, ya ce ya ci rabonshi na duniya. In muka dame shi da surutu sai ya daka mana tsawa "jaldi jaldi!" mu watse muna dariya, sai da na girma ina kallon finafinan Indiya na gane ashe Indiyanci ne tsohon ke mana.

To abin da ke damuna, akwai wani kawunmu da ko yaushe aka tada zancen sai ya ce ai tsoho bai yi yaƙi ba, dako kawai ya yi wa Turawa, ciwo ya kama shi aka koro shi, ko ƙwarzanen harsashi babu jikinshi. Wasu tsofaffin gidan kuma cewa suke jifa aka yi mashi can, wasu su ce aljanun daji. Shin wanda ciwo ya naƙasa a bakin daga ana lissafa shi cikin mazan jiya? Wane irin ciwo ne ke kashe ƙafa haka? Kuma ina zan iya samun bayanin aikinshi?

Malamin Tarihi Rafindadi:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa wannan ƙyallen da ka raina shi ne ma babbar shaidarka. Baƙin gizo bisa rawaya tambarin Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, sun ɗauko shi daga gizon tatsuniyar mutanen Gana, wanda kusan ɗan uwan namu Gizon ne mijin Ƙoƙi. Ɗaya rundunar, ta 82, tambarinta māsu biyu ne a gicciye bisa gammo. Ka ji fa, gammo. Su kansu Turawan sun san da kan mutanenmu aka ci wannan yaƙi.

Ta 81 ta tashi a 1943, jirgin ruwa daga Ikko ya zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombay, daga nan aka tura su kwarin kogin Kaladan cikin yankin Arakan na ƙasar Bama. Wurin tsaunuka ne da dajin gora, mota ba ta shiga, sai da suka sare hanya da adda da diga da hannunsu, abinci da harsashi kuma jirgin sama ke jefo masu. To in jirgi ya jefo wa zai kai shi bisa dutse? Nan 'yan dakon da kawunku ke rainawa suka shigo, sojoji ne masu lamba da kaki, suna ɗaukar akwatin harsashi da sassan igwa a ka, su haye tudu su ratsa kogi, kuma Japanawa in sun yi kwanton ɓauna ba su tambayar waye mai bindiga waye mai gammo. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa, shi ya sa har yau akwai bariki mai wannan suna a Legas. Barikin Dalet da Kalapanzin na Kaduna, da Chindit na Zariya, duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito, kullum muna wucewa ta gabansu ba mu san mi suke nufi ba.

Zancen ciwo kuwa, Janar Slim da ya jagoranci Runduna ta 14, babbar rundunar Ingila a yaƙin Bama, shi da kanshi ya rubuta cewa a 1943 duk mutum 1 da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda cuta. Ka kai wa kawu wannan lissafin. Kuma mu Katsinawa muna da hannu sosai a ciki, Sarki Usman Nagogo da kanshi ya je har Indiya da Bama ya duba sojojinmu.

Nas Daga Daura:

Allah ya jiƙan Baba. Ba a gane ciwon mutum daga labari balle wanda ya riga mu gidan gaskiya, amma abin da ka faɗa ya yi kama da wasu abubuwa da muka sani. Akwai cutar da ake kira beriberi, rashin sinadarin bitamin B1 ke kawo ta, kuma ta fi kama wanda ya daɗe yana cin farar shinkafa da aka surfe tas ba wani abin haɗi, don sinadarin cikin dusar yake. Tana farawa da jin ƙafa kamar ana tsira allura, sai ta dinga mutuwa, wani ta kumbura, wani har zuciya take taɓawa. In an tare ta da wuri ana warkewa, in jijiya ta riga ta lalace to sai a hankali. Ka haɗa da atini da ke wanke cikin mutum sati da sati, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kaya a ka. Mutumin da ya tashi da fura da tuwon gero ka mayar da shi haka ai dole jiki ya karye.

Maganin zazzaɓin da ake ba su lokacin sunanshi mepacrine, ƙwaya ce rawaya mai ɗaci da ake sha kullum, har jiki take rinawa. Zazzaɓin daminar da kake gani kuma ina jin namu ne na gida ke samun jiki ba ƙarfi. Batun jifa dai a bar shi.

Jikan Mai Gammo:

Wallahi kamar labarin gidanmu kake ba da. Namu daga wani ƙauye yake kusa da Sandamu, shi kuma da tari ya dawo. Ya ce ba da son ranshi ya tafi ba, mai gari aka ce ya kawo samari, shi kuma maraya ne ba mai tsaya mashi, aka zuba su a mota sai Kano. Labarin da ya fi ba mu na matsattsaku ne, wai ruwa ake kamar da bakin ƙwarya wata da watanni, kaya ba su bushewa, in ka kwance takalmi da dare sai ka iske su sun sha jini sun yi tim, da wutar taba ake ƙona su su saki. Da ya dawo matar da aka yi mashi baiko an aurar da ita, gona ba ya iya noma rabin kwana sai numfashi ya sarƙe, aka ware mashi kwano da moɗa saboda tarin. Babana ya yi ta jeka-ka-dawo da takardunshi wani ofis shekara da shekaru kan 'yan kuɗin da aka ce ana ba irinsu, yau a ce fayil ya ɓace gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har tsohon ya rasu ko sisi. Wanda ya rasa hannu kowa na gani ya ce sannu, shi mai huhu wa zai buɗe ƙirjinshi ya duba?

Sai dai duk 11 ga Nuwamba, lokacin da ita ce ranar mazan jiya kafin a mayar da ita 15 ga Janairu, sai ya sa a wanke mashi tsohuwar rigar ya maƙala lambobin ya zamna ƙofar gida. Ba mai zuwa, shi dai ya zamna.

Tsohon Kofur:

Ni na yi shekara 22 cikin kaki, kuma ina gaya maka duk wanda likitan soja ya sallama saboda ciwon da ya samu a bakin aiki soja ne cikakke, ba a kore shi ba, sallamar rashin lafiya daban kora daban. Wanda aka kora da laifi ba ya ajiye takarda ƙarƙashin gado.

Duba lambobin, in akwai tauraro mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, wannan tauraron Bama ne, wanda ya yi aiki a fagen ake ba. Kar ka wahala neman suna a bayansu, Ingila ba ta buga suna jikin na wancan yaƙin ba. Takardar ita ce komai, nemo lambar aikinshi da bataliyarshi. Ka ɗauke ta hoto yau ɗin nan, kar ka kai a liƙe ta da roba mai zafi, lalata ta zai yi. Daga nan ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion, sannan gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Shafin kaburburan yaƙi na Commonwealth kuma waɗanda suka mutu kawai yake lissafawa, ba za ka ga naku can ba. Kuɗi dai kar ka sa rai.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranka ya daɗe Kofur na duba, tauraron na nan, ƙyallen ya koɗe amma jan na fita. Lambar aikin ma ana ganinta sai harafi biyu na ƙarshe da gara ta cinye. Ba kuɗi nake nema ba wallahi.

Jiya bayan magariba na kai wa gwaggonmu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yanshi, ta juya ƙyallen gizon ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce innarsu ta faɗa mata bisa jaki aka kawo shi gida daga tasha, mutum biyu na riƙe da shi, kuma tsakiyar kanshi gashi bai ƙara fitowa ba inda gammo ya ci, shi ya sa ko barci da hula yake. Ni duk zamana da shi ban taɓa lura ba. Kawu kuma na tura mashi bayanin Malam ta WhatsApp, ya buɗe tun safe, har yanzu bai ce komai ba.